Kasuwa Mai Mai Saye Ɗaya

A Quellón, ƙarfe biyar na asuba,
ruwan sama ya riga mu fita.
Na zura farin takalmin roba, na ɗaure gashi,
na bi sahun mata zuwa masana'antar kifi.
Wuƙata ta san tafin hannuna
fiye da yadda mijina ya san shi.

Da can ƙofofi uku ne a bakin tekun nan.
Shekarar da na yaye Yasna
mai ta kudu ya zaftare mana kuɗin awa,
muka ajiye wuƙaƙe, mu goma sha ɗaya,
muka taka zuwa ta arewa da ƙanƙara a farce.
Kafin rana ta take ya aiko yaronsa
da ban haƙuri, da ƙarin peso ɗari biyar.
Ranar na gane ashe ni ma mai haja ce,
ina iya duban mai tayi cikin ido
in ce masa: albarka.

Sai babban kifi ya buɗe baki.
Ya haɗiye ta kudu wata Talata,
ta arewa kuwa sai da ya yi mata kwanton shekara biyu.
Ba a rushe ko bulo ɗaya ba,
fenti kawai aka sake.
Ƙofofin na nan, uku cif,
amma duk wadda ka ƙwanƙwasa
murya ɗaya ce ke cewa shigo.

Na hau bene wajen Don Patricio
da takardun albashi na shekara shida,
lambar ba ta motsa ba, kamar an kafa ta da ƙusa,
burodi kuwa ya ninka, iskar gas ta ninka.
Ya ba ni kujera. Mutumin kirki ne, ba ya tsawa.
Ya ce, Orfelina, ba ni na yanka ba,
kasuwa ce.
Na leƙa taga ina neman kasuwar.
Motarsa kawai na gani,
da wani kare yana fakewa a ƙarƙashinta.

Baldomero ya ɗaga murya sau ɗaya a ɗakin cin abinci.
Washegari sunansa ya riga shi isa ƙofa ta biyu,
ya riga shi isa ta uku.
Yanzu ciyawar teku yake tsinta idan ruwa ya janye,
yana shanyawa a kan shinge,
ranar Asabar mota ta zo ta auna.
Ku dubi tambarin da ke jikin motar.

Suna cewa wanda bai gamsu ba ga hanya.
Hanyar na nan, na san ta:
awa shida da jirgin fito zuwa Puerto Montt,
hayar ɗaki da ta fi albashina tsawo,
ga uwata da ba ta iya juyawa a gado
sai na tallabe ta.
Ba sarƙa a ƙafata.
Ba su ma buƙatar sayen sarƙa.

Yasna ta yi lissafi a bayan littafin makaranta.
Kifi ɗari tara nake feɗewa a yini.
Ta ce a wani gidan abinci a Tokyo
yanka huɗu a faranti
sun kai kuɗin tsayuwata tun asuba har duhu.
Na ce rufe littafin, miya na hucewa.

Wata mai zuwa za ta cika sha takwas.
An riga an tambaye ni lambar takalminta.

Da dare nakan tsoma hannu a ruwan ɗumi
har yatsun su yarda su miƙe.
Kalmar nan tana nan, ban manta ta ba,
ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi,
ba ta fita, ba ta wucewa.
Wani lokaci nakan gwada ta a hankali,
in faɗa wa tukunya, in faɗa wa teku:
albarka.
Sai agogo ya buga huɗu da rabi
in tashi in je in sallama.